Abin da Mota Ta Ci a Kwarin Maje

An ce wai ranar da mota ta fara shiga Kwarin Maje, mutanen garin sun zaci dabba ce. Wai sun kewaye ta suna neman inda bakinta yake, da suka ji tana gurnani suka ce ai yunwa ce, kowa ya ruga gida ya ɗauko damin ciyawa. Wai kuma wanda ya fara miƙa mata nasa, har yana shafa mata goshi yana cewa "ci, baƙuwa, ci", shi ne Malam Ubale.

Hajiya Kubura ba a Kwarin Maje ta ji wannan labari ba. A Greensboro ta ji shi, can ƙasar Amurka, ranar babbar Sallah, a falon ɗanta Ɗalha da ke wani benen haya a bakin titin High Point. Daga bakin Ɗalhan ma ta ji shi, yana tsaye da tsokar rago a hannu yana kwaikwayon yadda ake shafa goshin mota, ɗaliban da suka cika falon suna ta ƙyaƙyata har wani ya ƙware. Malam Ubale kuwa mahaifinta ne.

Ta ajiye farantinta, naman ya fita daga ranta. Wata biyu ke nan da zuwanta, an cire mata yanar ido, kuma tun da aka kwance mata bandeji take ganin abubuwan da da ma an bar mata yanarta. Matar da ta yi shekara talatin da wani abu da alli a hannu, ta riƙe makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, yau ga ɗan da ta haifa yana talla da kakansa don 'ya'yan mutane su yi dariya, masu neman digirin dakta da maiƙo a haɓa.

Da baƙi suka watse sai ya zo ya durƙusa gefen kujerarta.

"Mama, wata alfarma nake nema."

"Ina jinka, Auta."

Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana. Ɗalha karatun injiniya yake yi, amma da rana motoci yake sayarwa a filin wani dila mai suna Tolbert. Tsohon Tolbert ɗin shi ne Baturen da ya kai mota Kwarin Maje yana saurayi, lokacin da wani kamfanin ƙera motoci ya tura shi ya nuna wa duniya cewa motarsu tana shiga inda babu hanya. Yanzu ya tsufa, ɗansa ke riƙe da filin. Ɗan ya yi wa Ɗalha alkawarin in ya gama karatu za su haɗa hannu su riƙa kai a-kori-kura Najeriya don manoma, wata rana ma a kafa wurin harhaɗa su a can. Ranar Asabar za a ɗauki tallar talabijin: Ɗalha zai fito cikin babbar riga yana miƙa wa sabuwar mota ciyawa, sai ƙaramin Tolbert ya leƙo ya ce tasu ba ta da ci.

"Rigar Kaka nake so ki ba ni, wadda kika zo da ita. Sun ce in aka samu ainihin tasa, abin zai fi armashi."

Rigar saƙi ce, rinin baba, ita kaɗai ta rage daga abin da Malam Ubale ya bari. Ta taho da ita ne a ƙasan akwati don ta ba shi ranar da zai karɓi digiri.

"Wa ya ce maka kakanka ya yi haka?"

"Kowa ya sani, Mama. Har hoto akwai."

"Kowa ya sani," in ji ta. "Kowa ya san cewa in mai ciki ta ci ƙwai za ta haifi ɓarawo. Na ci ƙwai da cikinka, to sai dai in yau ne za a gani." Ta gyara tabarau. "Saurara. Ban doki 'ya'yan mutane a kan ƙarya ba sannan in zo in ɓoye gaskiya don ta taɓa ubana. In ya tabbata ya ba mota ciyawa, ni da hannuna zan goge maka rigar. Amma sai na gani."

Abin da ta riƙe na Kwarin Maje ba shi da yawa, don tana ƙarama ƙwarai suka tashi suka koma birni. Tana tuna wani marke mai rassa biyu kamar gwafa a bayan gidansu. Tana tuna wata damina da ruwa ke sauka a kansu a cikin ɗaki, ita tana ƙudundune a ƙarƙashin buzun mahaifinta, uwarta kuma a sunkuye da tabarma a gadon baya ta yi wa jariri rumfa da jikinta. Ta taɓa tambayar uwar me ya sami ɗakinsu a shekarar, uwar ta ce ta je ta ɗebo ruwa. Sai ta ɗauka gobara ce, ko talauci, ta bar maganar.

Washegari ta fara da maƙwabciyarsu Bebi, mutuniyar Tasawa ta ƙasar Nijar, wadda mijinta ke koyar da Faransanci. Ta tarar da ita a ɗakin injinan wanki na ƙasan bene. Ko rabin labarin ba ta kai ba Bebi ta tafa hannu.

"Haba Hajiya, wannan ai a wajenmu aka yi! Kamyon kumandan ne, wato babbar motar Baturen mulki, mutanen wani ƙauye kusa da mu suka kai masa hatsi a akushi. Tun muna lakwal, muna 'yan makaranta, muke tsokanarsu da shi."

"Kin san wanda ya gani da idonsa?"

"To, ka ji dai an ce."

Hajiya ta gyaɗa kai. Ita ma ta taɓa jin sa a kwalejin horon malamai, a kan wasu mutanen kudancin Zazzau. Da aka tura ta kwas Ingila ta sake jin sa, can kuma a kan manoman wani tsibiri ake ba da shi. Kullum mai labarin ɗan birni ne, kullum wawan yana gaba da garinsu da tafiyar yini. Labarin da ke da gari goma ba shi da gari ko ɗaya. Sai dai wancan duk baki ne, wannan kuwa an ce da hoto, shi ya hana ta sakewa.

Ranar Talata ta sa Ɗalha ya kai ta filin motocin. Wuri ne shimfiɗe da kwalta, an zagaye shi da tutocin leda masu ƙara in iska ta kaɗa, motoci jere an rubuta musu farashi da farin fenti a gilashi. Cikin ofishin warin taba da tsohon kofi ya tare ta tun daga ƙofa. Ƙaramin Tolbert, wani jibgege mai jan wuya, ya kama hannunta da hannu biyu yana jijjigawa ba tare da an miƙa masa ba, yana yi mata magana da ƙarfi dalla-dalla kamar kurma. Ta zare hannunta ta goge a gefen mayafi.

Hoton yana bango, an buɗa shi ya kai girman ƙyaure. Hancin wata tsohuwar mota ne, ga wani mutum a gabanta rungume da dami ya ɗan sunkuya. A ƙasa an rubuta sunan garin, an kuma rubuta shi ba daidai ba.

Ta matsa kusa, ta daɗe tana kallo.

"Auta, wa ya ce wannan kakanka ne?"

Ɗalha ya sosa ƙeya. "Ranar da na fara aiki na ce musu garin mahaifiyata ne. Shi ne manaja ya ce ƙila ma kakana ne. Na ce ƙila."

"Daga ƙila sai ga shi har da shafa goshi."

"Mama, a nan in ba ka da labari ba mai tuna sunanka."

Ba ta kula shi ba, hankalinta na kan damin. Mutumin dai ba mahaifinta ba ne, wannan gajere ne mai faɗin kafaɗa, Malam Ubale kuwa dogo ne kamar gora. Amma ba shi ya tsayar da ita ba. Ciyawar dabba a cukurkuɗe take, a dunƙule ta a ɗaure tsakiya. Wannan doguwa ce, kanta a jere ɗaya, kuma ga igiya ta bi gindinta an kitse. Shuci ne da aka yanta, irin wanda ake baibaye ɗaki da shi. Gefe ɗaya kuma baƙi ƙirin, ya sha hayaƙi. Ko jakin da ya kwana uku bai ci ba ba zai kalle shi ba. Sannan a gefen dama ga wata gwiwar hannu ta leƙo, babu mai ita. An datse hoton.

"Ina sauran?" ta tambayi ƙaramin Tolbert da Turancin da ya sa ya rage murya. Ya ce ainihin hoton yana wurin babansa. Ta ce to tana so ta gai da baban.

Ranar Alhamis da la'asar suka shiga unguwar Irving Park. Gidaje manya-manya a can ciki nesa da titi, ba kowa a waje sai wani baƙar fata da ke tura injin yankan ciyawa. Ciyawar kuwa kore shar, ana ta yi mata feshin ruwa, ko akuya ɗaya babu mai ci. Hajiya ta yi tsaki ƙasa-ƙasa.

Tsohon yana zaune a kujerar lilo da bargo a gwiwa, a wani ɗaki da ya cika da tarkacen ƙasarsu. Ga fatar damisa da asu ya ci, ga masu a gicciye, ga ƙwaryar nono an kafe ta da ƙusa a bango. A kan tebur ga butar alwala ta tagulla an cusa mata furannin roba. Da ya gan ta ya washe haƙoran roba ya ɗaga hannu.

"Sannu da aiki, yaro! Kawo ruwa maza-maza!"

Ya fashe da dariya, ya ce da Turanci Hausar da ta rage masa ke nan. Ɗalha ya taya shi dariyar, har da dukan cinya. Hajiya ta zauna a bakin kujera, jakarta a kan cinya.

Ba tare da an roƙe shi ba, tsohon ya kama labarin ciyawa, da ganin yadda yake tsayawa a wuraren dariya ka san ya ba da shi sau ba adadi a kulob. Ta bari ya kai aya.

"Wane lokaci ne na shekara?" in ji ta.

Ya ce zafi kamar tanda, ga hadari yana haɗuwa kullum da yamma. Tsere ma suke yi da ruwan, don kamfani yana so a ce motar ta kai iyaka kafin damina ta rufe hanya.

Ƙarshen bazara ke nan. Lokacin da daji ya ƙone ƙurmus, haƙarƙarin shanu a waje, harawar da ta rage a kan itace mutum ko ɗan'uwansa ba ya ba. A wannan lokacin ne wai talaka zai kwashi ciyawa ya kai wa dabbar baƙo.

"Kafin garin akwai kogin yashi," ta ce. "Yaya kuka haye?"

Idonsa ya yi haske. Ya ce ita ce ta farko da ta taɓa yi masa tambaya mai ma'ana. Ya sa Ɗalha ya sauko da wani ƙaramin hoto daga kan kanta. Hajiya ta buɗe jaka ta fito da gilashin ƙara girman rubutu da likitan ido ya ba ta.

Wannan ba a datse shi ba. Ga motar ta nutse a yashi har ciki. Ga gajeren mutumin da daminsa, ba bakinta yake nufa ba, ƙarƙashin taya yake nufa. Bayansa mutane ne a layi, kowa da dami a ka, ga wasu biyu a gefe da bulala. Daga gaban motar har inda hoton ya ƙare an shimfiɗa shuci a kan yashi kamar tabarma. Can sama a kan gaɓa ga garin, ɗakuna tsirara, tsaiko kawai a tsaye kamar haƙarƙarin mushe.

Tsohon yana ta bayani da jin daɗi. Ya ce sun kafe, babu katako, babu reshe, daji duk toka. Di'o, Baturen mulki, ya riga ya ba hakimi umarni a taimaka musu da duk abin da suke so. Shi da kansa ya ɗaga kai ya ga rufin ɗakunan, dabarar ta zo masa. Aka sa mutanen suka kware jinkarsu, ana shimfiɗawa mota tana hawa, in ta wuce a kwaso na baya a kai gaba, har taya ta niƙe shi ya zama gari, a sake kware wani ɗakin. Ya ce kafin su kai tudu sai da garin kusan duka ya ƙare, amma motar ko tari ba ta yi ba. Inji ne na gaske, ba irin na yanzu ba.

Hajiya tana jin sa sama-sama. Gilashinta ya tsaya a kusurwar hagu. Marke mai rassa biyu. A gabansa ɗaki, a kan tsaikon ɗakin wani dogon mutum ya yi zaman doki yana miƙo dami ƙasa. Fuskarsa ba ta fi ƙwayar gero ba, amma ta san wannan doguwar ƙafa, ta san yadda yake karkatar da wuya. A ƙofar ɗakin ga mace tsaye da goyo.

Ta ajiye gilashin a hankali.

"Wa ya mayar musu da rufin?"

Tsohon ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ai ciyawa ce, a Afirka ko'ina ciyawa take.

Shuci sai damina ta wuce yake ƙosawa a yanke shi da kaka. Wannan ko yarinyar aji ɗaya a ƙauye ta sani. Ba ta tsaya koya masa ba, ta gama koyarwa.

"To maganar ba mota abinci fa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wani mai tsara tallan kamfani ne ya sa almakashi ya datse hoton ya ƙirƙiro zancen, kuma wallahi ya sayar da motoci. Shi ma da ya ga mutane sun fi son wannan sai ya bi. Wa zai sayi mota don an ce ta kafe a yashi? Ya tura mata farantin kek, ya ce ta ci, matar da ke masa aiki ce ta gasa.

Hajiya ta dubi kek ɗin, ta dubi butar alwalar da furanninta. Ta miƙe.

A mota ta sauke gilashi ta tofar da yawu a kan koriyar ciyawar. Sai da suka wuce tsakiyar gari suka hau titin High Point sannan Ɗalha ya yi gyaran murya.

"Ni a ganina ma abin ya zo da sauƙi, Mama. Tunda ba Kaka ba ne a gaban motar, kin ga ba shi ake wa dariya ba. Wasa ne kawai. Bizines."

Ta juyo ta kalle shi kamar yadda take kallon abin da kyanwa ta bari a bayan ƙofa.

"Da rigar wa za a yi wasan?"

"Come on, Mama. Minti ɗaya ne a talabijin. Kin san abin da ke gaba? Motoci a hannun manomanmu, masana'anta a gida, aikin yi ga matasa. Shi ma tsohon, a zamaninsa ai hanya ya buɗe. Wani abin dole a yi haƙuri da shi in ana son cigaba."

"Haka ake cewa."

"In na je ranar Asabar babu rigar, mutumin nan zai ga ban cika alkawari ba. Komai zai iya rushewa."

Da suka isa ta hau bene a hankali tana riƙe da ƙarfe, ta wuce ɗakinta. Rigar tana rataye a jikin ƙofa, Ɗalha ya riga ya fito da ita tun safe don ta sha iska, har ya jingina teburin guga a gefe. Ta sauke ta, ta shimfiɗa a gado, ta ninke hannu ɗaya a kan ɗaya yadda uwarta ke yi. Ta sa ta a ƙasan akwati, ta zuba kafur, ta jera zannuwanta a kai, ta datse kwaɗo. Makullin ta ɗaure a bakin zane.

Ɗalha yana tsaye a ƙofa da makullin mota a hannu.

"Mama, don Allah. Sama da shekara hamsin fa ke nan. Ciyawa ce kawai aka ɗiba, ba wanda ya mutu."

Ta zauna a bakin gado, ta cire tabarau ta riƙe.

"Ɗalha," ta ce, "kakanka bai ba mota ciyawa ba. An sa shi ya hau ɗakinsa ya kware jinkar da hannunsa, aka shimfiɗa wa taya. Ruwa ya sauka babu shuci a daji, muka yi damina a ƙarƙashin tsaiko. Ina da ƙane, sunansa Iliyasu, shi ne goyon da ke cikin hoton. Tari ya kama shi. Bai kai kaka ba."